Kwalin da Ya Dawo daga Illela

A bangon ofis, gefen agogo,
akwai allo mai ɗauke da akwatuna:
ɗaya can sama, shi kaɗai kamar shirwa,
uku ƙarƙashinsa, tara ƙarƙashin uku.
Ni ina can ƙasa, inda tawada ta fara dushewa:
"Masu ɗinki, mutum ashirin da shida."
Babu suna. Lamba guda ta haɗiye mu duka.

Shekara bakwai ina taka keke
a kamfanin takalma, hanyar Kalambaina.
Fatar jar akuya na san ta da hanci,
na san ta da yatsa ko an ɗauke wuta.

Ran Litinin aka ce akwai horo.
Muka sa ran lemo da biskit,
da wani mai kwat da zai zuba Turanci
mu yi ta gyangyaɗi har azahar.
Sai ga Kulu Arzika ta sashen inganci,
ba takarda, ba majigi,
kwali guda ta dire bisa tebur.
Ta ce, "Daga Illela ya dawo."

Takalma arba'in, duk sun wage baki,
tafi ya rabu da fata,
sai ka ce dariya suke mana.

"Ga allo. Ku nuna mini akwatin
da wannan kwali ya fito."

Nomau, shugaban layi, ya nuna masu gam.
Masu gam suka nuna sito.
Mai sito ya ce, "Ni kam na rubuta,
tun bayan ƙaramar Sallah na kai sama."
Na sama ya ce ya miƙa wa na samansa.
Takarda ta hau bene, ba ta sauko ba.
Laifi tudu ne, aka ce,
ranar nan kowa ya taka nasa
yana miƙa wuya ya hango na wani.

Baba Jaɓɓi mai shara na bakin ƙofa,
tsintsiya a hammata, yana jiran mu watse.
Shi ko a lamba allon bai san shi ba.
Ya gyara murya:
"Gam ɗin ga ai dahuwa shikai.
Durom na jingine ga bangon kwano,
ranar yamma na dukan shi kullum.
In na zo shara, ban iya ko taɓa shi."

"Wa ka gaya wa, Baba?"
"Wa yat tambaye ni?"

Fanka kaɗai ke magana.

Ni ma na sunkuyar da kai, don ina da nawa.
Allura ta daɗe tana faɗa mini:
tafin yana santsi, ba ya kama fata yadda ya saba.
Na ji, na ce ba akwatina ba ne,
na ɗinke, na tura gaba,
na tashi ƙarfe biyar na hau mashin
har Gidan Igwai ban waiwaya ba.

Kwana uku Kulu ta riƙe mu.
Ta koya mana lanƙwasa takalmi sau goma,
tura babban yatsa tsakanin tafi da fata,
ƙirga ɗinki takwas a faɗin inci.
Ta ba kowa jan kati, har Baba Jaɓɓi:
duk wanda ya ɗaga, layi ya tsaya.
Nomau ya ɓata rai, ya ce lissafin yini zai faɗi.
Ta tura masa kwalin: "Ƙirga wannan tukuna."

An mayar da durom inuwa.
Allon na nan, shirwa na nan a samanta,
sai dai wani ya ja layi da biro
a karkace, daga sito zuwa gefen takarda,
ya rubuta Jaɓɓi, da ƙananan baƙaƙe.

Takalmi ɗaya muka rataye bisa ƙofa,
bakinsa a buɗe har yau.
Jiya na ɗaga katina karo na farko.
Hannuna na rawa.
Kekuna ashirin da biyar suka yi shiru,
Nomau ya taho, ya ce, "Mudi, mi ka gani?"
Ashe ya san sunana.